Idan Ci Ya Fi Ƙarfin Mai Ciwon Sukari: Jagora Ga Matasan Damagaram Da Iyayensu

A gidaje da dama na Damagaram, daga Birni zuwa Zango da Garin Malam, akwai saurayi ko budurwa da ke yi wa kansu allurar insulin safe da yamma. Ana maganar allurar, ana maganar tsadar magani, ana yawan maganar abin da aka hana su ci. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ke faruwa bayan kowa ya kwanta, ko a hanyar dawowa daga makaranta: yaro ya sayi fanke da burodi da lemun kwalba, ya laɓe, ya cinye cikin gaggawa, cikinsa ya cika har ya yi ciwo amma hannu bai tsaya ba. Daga baya sai kunya ta rufe shi, na'urar awo ta nuna sukari ya hau sama, shi kuwa ya yi alkawari a ransa gobe ba zai ci kome ba.

Wannan ba irin cin da kowa ke yi ranar Sallah ba ne. Likitoci suna gane shi da alamu biyu a haɗe: mutum ya ci abinci mai yawa fiye da ƙima cikin ɗan lokaci, kamar awa biyu, kuma ya ji ba shi da ikon tsayawa. Masu fama da shi sukan ce, "Kamar ba ni ba ce," ko "Ina gani ina ci, amma na kasa ajiyewa." A shekarar 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya shi a matsayin ciwo mai zaman kansa, idan yana faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata uku, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Wani bincike da aka buga a shekarar 2000, a kan ƴan mata 356 masu ciwon sukari nau'i na ɗaya (wanda jiki ke daina yin insulin da kansa) a Kanada, ƴan shekara 12 zuwa 19, ya gano kashi 10 cikin ɗari suna da matsalar cin abinci, alhali a cikin tsararrakinsu marasa ciwon kashi 4 ne.

Abin da nake so iyaye da matasa su riƙe tun daga nan shi ne: wannan cin ba kwaɗayi ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Yawanci yunwa ce ta gaske, da faɗuwar sukari, da ƙuncin zuciya suke haɗuwa su haife shi. Saboda haka ƙarin hani da ƙarin sa ido ba sa warkar da shi, ƙara masa ƙarfi suke yi. Hani yana kawo yunwa, yunwa ta kawo cin ɓoye, cin ɓoye ya hau da sukari, hawan sukari ya jawo faɗa, faɗa ya sake kawo hani. Matakan da ke ƙasa hanyar yanke wannan zagaye ce, kuma jerinsu yana da dalili.

Mataki na farko: allura ba ta tsayawa, kome aka ci

Na fara da wannan domin shi ne ke raba rai da mutuwa. Matashi da ya ci abinci da yawa yakan ji tsoron awo, ya ji tsoron ƙiba, sai ya tsallake allura ko ya rage ta. Wasu ƴan mata sun gano cewa idan suka bar insulin jiki yana raguwa. Gaskiya ne yana raguwa, amma ta hanyar da jiki ke cin kansa: sukari yana zuba cikin fitsari, ruwan jiki yana ƙarewa, tsoka da kitse suna narkewa, kitsen da ya narke kuma yana sakin wani guba da ake kira keton wanda ke sa jini ya yi tsami. Wannan yana iya kai mutum ga suma cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya tsira daga suman, ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa ne ke biyan bashin tun yana da ƙuruciya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008, wanda ya bi mata 234 masu nau'i na ɗaya tsawon shekara 11, ya nuna waɗanda ke rage insulin da gangan haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran fiye da sau uku.

Ƙanena, ƙanwata, ko da ka ci abin da kake jin kunyar faɗa, yi allurarka a kan lokacinta. Ko da ba ka auna ba, yi ta. Idan kuɗi ne ya sa kake ja da ita don kwalba ta daɗe, faɗa wa likita ƙarara, kada ka bari ya ɗauka sakaci ne. Kuma kada wani ya ce ka ajiye allura ka gwada sassaƙe ko jiƙo na wata ɗaya. Tun da aka gano insulin a Toronto a 1921 har yau ba a samu abin da ke maye gurbinta ga mai nau'i na ɗaya ba.

A duba ita kanta kwalbar. Zafin Afrilu da Mayu a Damagaram yana wuce digiri 40, insulin kuwa zafi yana kashe ƙarfinta. Kwalbar da aka buɗe takan yi kusan mako huɗu idan zafin wurin bai wuce digiri 30 ba. Inda babu firigo, ko wuta na yawan ɗaukewa, a sa kwalbar cikin ƙaramar tukunyar ƙasa, a sa ta cikin wata babba da jiƙaƙƙen yashi tsakaninsu, a ajiye a inuwa. Kada a sa ta inda za ta daskare. Insulin da ta lalace tana barin sukari a sama, kuma sukarin da ya kasa shiga tsoka yana sa mutum jin yunwa ko da ya ƙoshi.

Mataki na biyu: mako biyu na rubutu, ba tare da hukunci ba

Sami ƙaramin littafi, ko ka rubuta a waya. Duk lokacin da ka ci wani abu, rubuta ƙarfe nawa ne, me ka ci, a ina, da wa, nawa sukari ya nuna in ka auna, da abin da ke ranka kafin ka fara. Inda ka ji ci ya ƙwace maka, sa alama. Kada ka canja kome a cikin waɗannan kwanakin. Littafin naka ne, ba na duban gida ba ne, kai za ka zaɓi wanda za ka nuna wa.

Tsinken awo yana da tsada, na sani. Idan kaɗan gare ka, kashe su a inda za su fi amfani: lokacin da yunwar nan mai ƙarfi ta taso, kafin ka sa kome a baki.

Mataki na uku: raba yunwa gida uku

Bayan mako biyu, karanta littafin. Za ka ga alamun da ka sa ba a warwatse suke ba, suna taruwa a wasu lokuta. Kusan kullum suna faɗawa cikin ɗaya daga uku.

Ta farko yunwar faɗuwar sukari ce. Tana zuwa da rawar jiki, zufa, bugun zuciya, jiri, ko saurin fushi, kuma awo yana nuna ƙasa da 0.70 g/L, wato 70 a na'urar da ke ƙirga da mg/dL. Takan zo kafin azahar ga wanda ya yi allurar safe bai karya da kyau ba, ko bayan ƙwallo, ko cikin dare. Wannan yunwa ba ta jin lallashi. Ƙwaƙwalwa ce ta rasa abincinta, tana umartar jiki ya ci duk abin da ya gani. Babu ƙarfin halin da ke tsayar da ita, kuma babu laifin yaro a ciki.

Ta biyu yunwar ciki ce ta yau da kullum, wadda ta taru saboda an tsallake karin kumallo, ko an ci kaɗan da rana don tsoron awo, ko kuwa abincin gidan ne bai isa ba. Matashi mai tasowa yana buƙatar abinci fiye da babba a wasu shekarun, kuma a lokacin balaga jiki yana buƙatar ƙarin insulin. Yaron da aka tsara wa abinci yana ɗan shekara 11 ba zai rayu da wannan ma'aunin yana ɗan 15 ba. Sau da yawa abin da ake kira zari a gida, tsohon tsari ne da ya yi wa yaro kaɗan.

Ta uku yunwar zuciya ce. Ba ta farawa daga ciki, tana farawa bayan wani abu: an yi maka faɗa, jarrabawa ta matso, abokai sun tafi sun bar ka, ko ka gaji da zama mai ciwo. Tana zuwa farat ɗaya, tana son abu takamaimai, yawanci mai zaƙi ko mai maiƙo, kuma ƙoshi ba ya kashe ta.

Kowace da maganinta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi wa ta farko da ta biyu wa'azin haƙuri.

Mataki na huɗu: koyi maganin faɗuwar sukari da ma'auni

Ga matasa da yawa daga nan matsalar ta samo asali. Sukari ya faɗi, tsoro ya kama su, suka ci suka ci har sai rawar jikin ta tsaya, alhali sukarin da aka sha yana ɗaukar minti 10 zuwa 15 kafin a ji aikinsa. Cikin waɗannan mintuna ana iya cinye abincin wuni guda. Da ya maimaitu, sai jiki ya koyi cewa faɗuwar sukari ita ce kaɗai ƙofar da ake halatta zaƙi.

Ma'aunin shi ne gram 15 na sukari mai saurin aiki: ƙwayar sukari uku, ko cokalin shayi uku zuwa huɗu a narke cikin ruwa, ko rabin kofi na lemun kwalba mai sukari. Ƙaramin yaro ƙasa da haka yake buƙata, likita zai faɗi nasa. Sha, zauna, duba agogo, jira minti 15, sake awo. Idan har yanzu yana ƙasa da 0.70, ƙara wani gram 15. Idan ya dawo kuma abinci na gaba da sauran lokaci, ci ɗan abu mai riƙe ciki, kamar yankin burodi da gyaɗa.

Dabara ɗaya tana taimakawa ƙwarai: ƙulla ƙwayoyin sukari uku-uku a ƴan leda tun da wuri, ɗaya a aljihu, ɗaya a jakar makaranta, ɗaya kusa da shimfiɗa. Idan abin ya zo, ƙulli ɗaya za ka ɗauka, ba madafa za ka nufa ba. Kada a yi maganin faɗuwar sukari da alkaki ko fanke ko cakulan, domin maiƙonsu yana jinkirta shigar sukari cikin jini, ga shi kuma su ne abubuwan da ke da wuyar ajiyewa. Idan mutum ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa kome a baki. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti.

Idan sukari na faɗuwa sau da yawa a mako, allurar ce ke buƙatar gyara. Kai littafin wurin likita.

Mataki na biyar: ci a kan lokaci, ko kana jin yunwa ko ba ka ji

Wannan shi ne ginshiƙin maganin, kuma shi ne abin da ya fi ba iyaye mamaki, domin sun zaci za a ce a rage ci. Tsarin shi ne abinci uku na sosai da ɗan abin taɓawa biyu ko uku a tsakani, ta yadda ba za a wuce awa uku zuwa huɗu ba a ci wani abu ba in ana farke. Ga masu allura sau biyu a rana, musamman gaurayayyar insulin (wadda ta haɗa mai saurin aiki da mai daɗewa tana aiki), wannan ba zaɓi ba ne ma, domin maganin yana ci gaba da aiki ko an ci ko ba a ci ba.

A aikace, ga ɗan makaranta: karin kumallo bayan allurar safe, abin taɓawa a hutun ƙarfe goma, abincin rana, wani abu da la'asar, tuwon dare bayan allura, da ɗan abu kafin kwanciya idan likita ya ce. Ba sai an dafa masa tukunya dabam ba. Tuwon hatsi, shinkafa da wake, dambu, duk yana iya ci. Abin lura shi ne yawan tuwon ya zama kusan ɗaya kowace rana, a yawaita miya da ganye, zogale ko rama ko kabeji, a haɗa da abin da ke riƙe ciki: wake, ƙwai, awara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kifi, cuku, nono marar sukari, fara in lokacinta ne. Koko ko kunu shi kaɗai da safe yana hau da sukari da sauri ya kuma bar ciki wayam kafin hantsi. In an haɗa shi da ƙosai ko ƙwai, labarin yana canjawa. Fura abinci ce, ba ruwa ba, a ƙirga ta a matsayin abinci, a dama ta ba sukari.

Maganar kwano ɗaya tana da wuya. Cin abinci tare da ƴan'uwa yana hana yaro jin an ware shi, amma a kwanon taro ba ya sanin nawa ya ci, kuma sauri yake yi kada a cinye. Abin da na fi gani da kyau shi ne a zuba masa nasa a ƙaramin kwano, amma ya zauna a tabarma ɗaya da kowa, a lokaci ɗaya. Kada a tura shi ɗaki shi kaɗai da abincinsa.

Mako na farko za ka ji kamar kana ci da yawa. Ci gaba. Yawancin masu bin wannan tsari suna ganin cin ɓoye ya ragu cikin ƴan makonni, tun kafin a taɓa maganar zuciya.

Mataki na shida: a cire wa zaƙi sunan haram

Damagaram garin alkaki ne. Ana kai shi gidan biki, ana tsaraba da shi, ana tara shi a gara. A ce wa ɗan shekara 14 har abada ba zai ɗanɗana ba, alhali ƙannensa na ci a gabansa, wannan alkawari ne da ba wanda zai iya cikawa. Ranar da ya karya dokar da guda ɗaya, sai ya ce ai an riga an ɓata, bari in gama. Tunanin "an riga an ɓata" shi ke mayar da guda ɗaya ya zama goma.

Mafita ita ce a tsara shi a sarari tare da likita: ɗan yanki ƙayyadadde, a ƙarshen abinci ba a kan yunwa ba, a gaban mutane ba a ɓoye ba, a rage tuwo ko shinkafar wannan abincin daidai gwargwado, ko a daidaita allura ga wanda aka koya masa yin haka. A bari sai tsarin cin abinci na mataki na biyar ya zauna kafin a fara wannan. Abin sha mai sukari kuwa, lemun kwalba da zoɓo mai zaƙi, gara a bar su don maganin faɗuwar sukari, domin suna hau da shi da sauri kuma ba sa ƙosarwa.

Samari kuma ga maganar fada. Zaman shayi zumunci ne, kada ciwo ya raba ka da shi. Faɗa wa mai dafawa ya zuba maka naka kafin ya sa sukari. Aboki ɗaya a fada da ya san halin da kake ciki, ya san kuma abin da zai yi in sukarinka ya faɗi, ya fi ɓoye-ɓoyen shekara.

Mataki na bakwai: lokacin da abin ya taso

In akwai tsinke, auna. In sukari ya faɗi, koma mataki na huɗu. In lokacin abinci ya yi ko ya wuce, zuba abinci a kwano ka zauna ka ci. In ba ɗaya daga ciki, to ta zuciya ce, kuma ita kamar guguwar bazara take, tana tasowa da ƙarfi, ta yi juyinta, ta wuce. Aikinka ka ba ta minti 15 zuwa 20. Bar wurin da abincin yake. Fita tsakar gida, yi alwala, kira wani, taka zuwa bakin titi ba da kuɗi a aljihu ba. Ka kira abin da kake ji da sunansa, ko a zuci: haushi ne, kaɗaici ne, tsoro ne. Wani lokaci za ta wuce, wani lokaci ba za ta wuce ba, amma kowane jinkiri yana koya wa jiki cewa akwai tazara tsakanin ji da aikatawa.

Mataki na takwas: idan ya riga ya faru

Zai sake faruwa, ko da ana samun sauƙi, don haka a shirya masa. Kada ka jawo amai. Kada ka sha maganin zawo. Kada ka tsallake abinci na gaba don ramuwa, domin wannan ne ke shirya na gobe. Yi allurarka ta ƙa'ida. Ƙarin allura don saukar da sukari sai bisa ma'aunin da likita ya rubuta maka tun da farko, kuma kada ka jera ƙari a kan ƙari cikin ɗan lokaci, domin ta farko ba ta gama aiki ba, za su haɗu su kayar da kai cikin dare. Sha ruwa sosai. Sake awo bayan awa biyu.

Idan sukari ya wuce 2.50 g/L ya ƙi sauka, a gwada keton a fitsari in akwai abin gwaji, kuma kada a motsa jiki da ƙarfi a wannan hali. Amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, warin baki kamar ƴaƴan itace da suka nuna sosai, ko barci mai nauyi da ruɗewa, waɗannan ba na jiran safiya ba ne. A tafi babban asibitin ƙasa na Zinder, ko asibiti mafi kusa ga wanda ke Mirriya, Magarya, Matamaye ko Tanut, a faɗa musu mai ciwon sukari ne tun daga ƙofa.

Mataki na tara: a kula da zuciyar kanta

Ciwon sukari ba shi da hutu. Babu ranar Juma'a, babu hutun makaranta. Matashi yana lissafin abinci, yana huda yatsa, yana jin ana cewa "Allah sarki" a bayansa. Budurwa tana jin ana raɗa ko za ta auru, ko za ta haihu, har wasu gidaje su ce ta ɓoye kada masu neman aure su ji. Za ta iya aure, za ta iya haihuwa lafiya in an kula da sukarin kafin ciki da lokacinsa, amma ɓoyon da aka ɗora mata nauyi ne da take ɗauka ita kaɗai, kuma wanda aka koya wa ɓoye allura ba wuya ya koyi ɓoye ci. Gajiya da ciwon abu ne da likitocin sukari suka sani sarai, ba raunin imani ba ne. Addu'a da tawakkali suna tafiya tare da magana da neman magani.

Nemi mutum ɗaya da za ka faɗa wa gaskiya duka: inna, gwaggo, yaya, malamin makaranta, ko ma'aikaciyar jinya da ka saba da ita. Ba sai ka iya tsara magana ba. Ya isa ka ce, "Wani lokaci ina ci ba na iya tsayawa, kuma abin yana damuna." In baki ya yi nauyi, miƙa littafin.

Akwai alamun da ke nuna abin ya wuce gajiya: baƙin ciki kusan kullum har mako biyu ko fiye, daina jin daɗin abin da ake so a da, rashin barci ko yawansa, janyewa daga mutane, jin ba ka da amfani. Wannan ciwon damuwa ne, yana da magani, a nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam ta hannun likitan sukari. Maganin da aka fi tabbatar da amfaninsa ga irin wannan ci shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre, inda ake bin tunani da ɗabi'a ana gyara su mako bayan mako. Idan kuwa tunanin kashe kai ya zo, ko tunanin yin amfani da insulin don cutar da kai, a faɗa wa babba a ranar, babba ya karɓi ajiyar maganin ya riƙa tsayawa a kan kowace allura, a je asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ga iyaye

Baba, Inna, tsoron da kuke ji na ƙauna ne, ba mai musu. Amma ku saurari abin da yaro ke ji daga safe zuwa dare: "Nawa ya nuna?" "Me ka ci?" "Wa ya taɓa kwanon nan?" "So kake ka kashe kanka?" Yaron da ya san lamba mai yawa za ta jawo masa faɗa zai daina awo, ko ya faɗi lambar ƙarya. Lambar na'ura labari ce da ke nuna abin da za a gyara, ba sakamakon jarrabawa ba ce. Idan ta yi sama, ku ce, "To, me za mu yi yanzu?" Idan kun tsinci ledoji a ƙarƙashin katifa, kada ku tara ƴan gida. Ku jira ku keɓe, ku ce, "Na ga alamar kana shan wahala da abinci, ba faɗa zan yi ba, ina so in ji." Ku hana ƴan'uwa tsokana a kan jiki, ko ƙiba ko rama. Wanda ya fara insulin yakan ƙara nauyi, domin jiki ne ke maido da abin da ciwo ya cinye, wannan alamar sauƙi ce. Kulle abinci da kwaɗo ba ya aiki, yana dai koya wa yaro cewa shi ɓarawo ne a gidansu. Kuma a rana a samu hira ko ɗaya da ba ta shafi sukari ba.

Ku sa ido a kan rama ba dalili, yawan kwanciya asibiti saboda hawan sukari, kwalbar insulin da ta daɗe fiye da yadda lissafi ya nuna, shiga bayi da zarar an gama ci, da ƙin yin allura a gaban kowa.

Ranar ganin likita, da maganar azumi

Likita yana da layi mai tsawo, don haka a je da tambayoyi a rubuce: sau nawa sukari ya faɗi, a wane lokaci, ko ma'aunin allura da na abinci sun dace da shekaru da nauyin yanzu, nawa za a ƙara in sukari ya hau, da wa za a gani kan damuwa. A nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, kuma ana so a yi shi kusan duk wata uku. Ga yawancin matasa ana nufin ƙasa da kashi 7, amma wanda yake a 11 ya sauko 10 ya yi aiki babba, a faɗa masa haka. Matashi ya samu ƴan mintuna shi da likita ba tare da iyaye ba. Mai ciwon sukari nau'i na biyu da ke shan ƙwaya shi ma waɗannan matakan sun shafe shi, kuma kada a sa shi tsananin rage ci don ya rame alhali cin ɓoye bai lafa ba.

Azumi yana buƙatar shawara tun wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan. Wuni ba ci sannan buɗa-baki mai yawa shi ne ainihin yanayin da ke tayar da wannan matsala, ga haɗarin faɗuwar sukari da ƙishirwa a zafin garin nan. Aya ta 185 a Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwame, kuma matashin da ke kan insulin, sukarinsa na hawa da sauka, yana kuma fama da cin da ya fi ƙarfinsa, yana cikin waɗanda likitoci ke ba shawarar kada su yi azumi. A haɗa likita da malami a maganar, domin yaro ya ji daga bakin da yake girmamawa cewa bai yi laifi ba. Wanda likita ya yarda ya gwada, ya riƙa awo da rana, kuma ya karya nan take idan sukari ya sauka ƙasa da 0.70 g/L, ko ya haura 3 g/L, ko ya ji alamun rashin lafiya, ko da saura kaɗan a kira magariba.